YADDA ƁARAYIN 'YA'YAN CILAKOWA SUKA KOMA MASU GADIN SHEƘA A DUTSEN BUDO

A can ƙarshen kudancin ƙasar Tailan, dab da iyakarta da Malesiya, akwai wani dogon dutse da kurmi ya lulluɓe, ana ce da shi Budo. Daga Bankok, babban birnin ƙasar, zuwa can tafiya ce ta fiye da mil 700, watau kamar mutum ya hau jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano. Mutanen da ke zaune a ƙauyukan gindin dutsen Musulmi ne, harshensu Malayanci, sana'arsu tsagar roba da noman shinkafa da lambunan 'ya'yan itace. Har zuwa 1994 waɗansunsu suna da wata sana'a ta ɓoye da suke haɗawa da waɗannan, ita ce hawan manyan itatuwa su kwashe 'ya'yan cilakowa daga sheƙa su sayar wa dillalai. Daga wannan shekara ne al'amari ya juya. Mutanen nan da kansu suka koma masu gadin sheƙunan da suke yi wa sata a da, har labarinsu ya kai ƙasar Indiya aka kwaikwaya.

DANGIN BURTU NE

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Arewa ya san cilakowa, tsuntsuwar nan mai dogon baki lanƙwasasshe, wadda in tana tafiya a sama sai ta riƙa tashi tana sauka kamar mai lilo. Ya kuma san burtu, baƙin tsuntsun nan mai yawo a ƙasa, wanda maharba ke ɗaura siffar kansa a goshi su sunkuya su kusanci nama ba tare da ya farga ba. To, su biyun dangin juna ne, danginsu kuwa yana da yawa, ya kai iri 60, kusan rabi a Afirka, sauran a Asiya. Da yake Hausa ba ta raɗa wa na Asiya suna ba, sunan ƙanwarsu za a ara musu a nan, a ce da su cilakowa.

Sai dai fa na kurmin Asiya ƙatti ne. Wadda ake kira babbar cilakowa tsawonta daga baki zuwa wutsiya yakan kai ƙafa 4, in ta buɗe fukafukai faɗinsu ƙafa 5 ne, in kuwa ta taso ana jin ƙarar fiffikenta tun daga nesa kamar hucin jirgin ƙasa mai kwal. A saman bakinta akwai wani tozo rawaya kamar an kifa mata ƙoƙo. Ƙasar Tailan tana da iri 13 na waɗannan tsuntsaye, 6 daga cikinsu suna hayayyafa a dutsen Budo. Ban da babbar, akwai mai ƙaho irin na karkanda, da mai kwalkwali, da mai farin tukku, da mai tukku buzu-buzu, da wata mai jaka a maƙogwaro.

ZAMAN KULLE

Abin da ya sa satar ta yi sauƙi, ɓarnarta kuma ta yi yawa, yana cikin yadda tsuntsuwar take hayayyafa. Cilakowa ba ta saƙa sheƙa da ciyawa a kan reshe, ba ta kuma iya fafe itace kamar maƙwaƙwafi. Tilas sai ta sami kogon da ya riga ya samu a jikin tsohon itace, inda reshe ya karye wurin ya ruɓe, ko wata dabba ta fafe. Ƙaramar cilakowa ta Arewa ƙaramin kogo ya ishe ta, amma tsuntsuwar da ta kai nauyin ƙatuwar agwagwa sai itacen da ya shekara da shekaru, irin wanda mutum ɗaya ba ya iya rungume shi. A Budo irin waɗannan itatuwa su ne dai masu katako suka fi so, kogon kuwa sau da yawa yana can sama, ƙafa 60 ko fiye daga ƙasa.

In mace da namiji suka daidaita a kan kogo, sai macen ta shiga ta liƙe ƙofar da kashinta da ragowar 'ya'yan itace da laka, ta bar wata 'yar tsaga wadda baki kawai ke iya wucewa. In abin ya bushe sai ya yi tauri kamar jan bulo, biri da sauran masu cin ƙwai ba su da hanya. A nan za ta yi ƙwai ɗaya ko biyu, ta kwanta a kai kusan kwana 40, ta kuma zubar da gashin fukafukanta, sabo ya tsiro. Wannan zaman kulle yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu, na mai kwalkwali ma har ya zarce haka. Duk tsawon lokacin nan namijin ne ke ciyar da gida. Zai tafi ya cika maƙoshi da ɓaure da sauran 'ya'yan itace, ya dawo ya maƙale a bakin kogo, ya riƙa fito da su ɗai-ɗai yana miƙawa ta tsagar. In aka ƙyanƙyashe sai ya daɗa da ƙadangaru da ƙwari da ƙananan macizai. A waɗansu iri uwar takan fasa ta fito ta taya uban aiki, ɗan ya sake liƙe ƙofar da kansa. A waɗansu kuwa tare uwa da ɗa suke fitowa.

Wannan dabara da ta tsare su daga namun daji ita ce ta tona musu asiri a wurin ɗan Adam. Uwa da ɗa suna zubar da kashi ta tsagar nan, saboda haka gindin itacen yakan cika da kashi da ƙwallayen 'ya'yan itace. Namijin kuma hanya ɗaya yake bi kullum, ga ƙarar fiffike. Har wa yau, in kogo ya yi musu daɗi, shi za su riƙa komawa kowace shekara. Wanda ya gano itace ɗaya ke nan ya sami gonar da ba shuka ba noma, sai girbi. Manyan cikinsu kuwa ɗa ɗaya tak suke yayewa a shekara. In aka ɗauke shi, wahalar wata huɗu ta tashi a banza. In kuma maharbi ya harbe uban, sau da yawa uwa da ɗa yunwa ce ke kashe su a ciki, harsashi ɗaya ya ci rai uku.

ABIN DA YA SA AKE SATAR

Kasuwar tana birane, wurin masu kuɗi da ke son ajiye baƙon tsuntsu a keji, da masu gidajen namun daji na kansu. Ɗan tsuntsun da aka ɗauko tun yana ƙarami ya fi saurin sabo da mutane, shi ya sa dillalai suka fi nemansa. A gefe guda kuma ga mai tsagar roba, wanda ranar da aka yi ruwan sama ba ya tsaga, ƙasar kuwa ta ruwa ce, farashin roba kuma yau ya hau gobe ya faɗi. Ga irin wannan magidanci, kuɗin ɗan cilakowa ɗaya yakan toshe ɓarakar da aikin makonni bai toshe ba.

Doka dai tana nan. Tailan ta kafa dokar kare namun daji tun 1960, ta sabunta ta cikin 1992. Amma dokar da ke rubuce a Bankok ba ta hawa dutse da dare. Ma'aikatan gandun daji kaɗan ne, galibinsu baƙi, ba su san inda sheƙunan suke ba, mutanen ƙauye kuwa ba su da dalilin nuna musu. Abin ya kai har masana suka ɗauka cewa mai ƙahon karkanda ta ƙare ƙaf a ƙasar Tailan.

ZUWAN MALAMA PILAI

Wadda ta karya wannan lago wata malama ce ta Jami'ar Mahidol da ke Bankok, Dakta Pilai Poonswad. Asalin karatunta na ƙwayoyin cuta ne. Cikin 1978 ta yi wa waɗansu masu ɗaukar hoto na gidan talabijin na BBC jagora a gandun dajin Khao Yai, gandun ƙasa na farko a Tailan, a nan ne tsuntsayen suka shiga ranta. Daga nan ta shiga bin su, tana lura da abin da suke ci da itatuwan da suke zaɓa, har aka kafa gidauniyar binciken cilakowa cikin 1993.

Cikin 1994 labari ya iske ta cewa mai ƙahon karkanda da ake zaton ta ƙare tana nan a Budo, shaida kuwa ita ce 'ya'yanta da ake sayarwa. Sai ta yi tattaki zuwa can. Abin da kowa zai zata shi ne ta kai ƙara wurin 'yan sanda a kama masu satar. Ita kuwa sai ta nemi a haɗa ta da wanda ya fi kowa suna a sana'ar, ta roƙe shi ya kai ta ta ga sheƙa da idonta. Ya kai ta, ta gani.

Zaman da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. Ga ta mace, 'yar boko daga babban birni, ba Musulma ba, a yankin da mutane suka daɗe ba su yarda da duk wanda ya fito daga Bankok ba. Ta bi ƙauyuka tana zama da mutane, tana yi musu lissafi a fili: ɗa ɗaya a shekara, ana kwashewa kowace shekara, iyayen suna tsufa, ba mai maye gurbinsu, ƙarshen abin a bayyane yake. Ta tunasar da su cewa ranar da kurmin ya zama shiru, jikokinsu su za su ɗora wa laifi. Sa'an nan ta kawo abin da wa'azi kaɗai ba ya kawowa, watau aiki da lada. Duk wanda ya san sheƙa ya nuna, a ɗauke shi ya riƙa gadinta, a biya shi. Ɗan tsuntsu sau ɗaya ake sayar da shi, amma sheƙar da ke raye kowace shekara tana kawo kuɗin gadi.

DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Wani zai ce ba kura ajiyar nama ke nan. Amma in aka duba, ba wanda ya cancanci aikin kamarsu. Mai bincike daga jami'a zai yi wata guda yana yawo a kurmi bai gano sheƙa biyu ba, tsohon ɓarawo kuwa yana da taswirar dutsen a kansa. Ya san itacen da kowane iri ke so, ya san kukan kowanne, ya san lokacin da mace ke shiga da lokacin da ɗa ya isa ɗauka, ya iya hawan itacen da wani ko kallon samansa ya yi sai jiri ya kama shi. Bugu da ƙari ya san sauran abokan sana'a da dillalansu. Baƙon da zai hau itacen gwamnati ba ya jin kunyar kowa, amma itacen da aka san ɗan wane ne ke gadinsa, wanda za a haɗu da shi a masallaci ran Juma'a, hawansa sai an yi tunani.

Da kaɗan-kaɗan aka fara, har masu gadin suka kai kimanin mutum 40 daga ƙauyuka dabam-dabam na kewayen dutsen, da yawansu tsofaffin masu satar tsuntsu ne ko masu saran katako ba da izini ba. An koya musu aiki da madubin hangen nesa da cika takarda. In lokacin hayayyafa ya zo kowa zai riƙa hawa dutse zuwa itatuwan da ke hannunsa, ya laɓe a wata 'yar bukka nesa kaɗan don kada ya firgita namijin. Zai rubuta ranar da mace ta shiga, da sau nawa namiji ya kawo abinci, da irin abin da ya kawo, da ranar da ɗa ya fito ya tashi. Yakan kuma tsince ƙwallayen da ke gindin itacen a kai wa masana su tantance. Ta haka mutanen da yawancinsu ba su yi nisa a makaranta ba suka tara wa jami'a ilmin da ba ta da hanyar samu, aka kuma yaye ɗaruruwan 'ya'yan cilakowa waɗanda a da keji ne makomarsu.

GYARAN ƊAKI

Da aiki ya yi nisa sai aka gane cewa hana sata kaɗai bai isa ba, domin gidajen ma ƙaranci suke yi. Kogon itace ba ya dawwama yadda yake. Wani ƙasansa ke ruɓewa ya zurma, har uwa ta kasa kai baki ga tsagar ta karɓi abinci. Wani bakinsa ke tsukewa sa'ad da itacen ke girma, har ta kasa shiga. Wani ruwa ke taruwa a ciki ƙwai ya lalace. Wani kuma iska ce ke kayar da itacen ɗungum. In kogo ya yi kaɗan sai tsuntsayen su shiga faɗa a kan wanda ya rage, waɗansu su wuce shekara ba su yi ƙwai ba.

A nan ma gwanintar hawa ta yi rana. Kafin lokacin hayayyafa masu gadi sukan hau da igiya su duba kowane kogo. Wanda ya zurma a cika shi da ƙasa, wanda ya tsuke a faɗaɗa bakinsa da kurfi, wanda ke tara ruwa a yi masa mafita. Inda babu kogo sam, an gwada rataya na ƙira, wanda aka yi da wata roba mai ƙarfi da ake kira faibagilas, aka ba shi kamannin kututture. Babbar cilakowa ta karɓi irin wannan gida ta yi ƙwai a ciki, ko da yake akwai irin da ba su yarda da shi ba, sai na Allah.

RIƘO DAGA NESA

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Magidancin da ya bar gonar robarsa ya wuni a gindin itace dole a ba shi abin da zai kai gida, in ba haka ba dillali yana nan yana jira. Cikin 1997 darajar kuɗin Tailan, watau baht, ta faɗi warwas, tattalin arzikin ƙasar ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, masu ba da taimako kowa ya kama aljihunsa. A ƙarshen shekarun 1990 ɗin ne aka ɓullo da dabarar da ta riƙe aikin, watau riƙon iyalin cilakowa.

Bahaushe ya san riƙo: a ɗauki ɗa daga gidan iyayensa a kai shi wurin gwaggo ko kawu. Wannan riƙon kuwa ɗan yana nan wurin iyayensa, mai riƙon ne ke nesa. Mutum a Bankok ko a wata ƙasa, ko makaranta, ko kamfani, ko gidan namun daji a Amurka, zai zaɓi irin da yake so ya biya kuɗin shekara, wanda a farkon shekarun 2000 kimanin dala 120 ne. Kuɗin ya tafi ga ladan mai gadi. A ƙarshen shekara a aiko wa mai riƙo da hotuna da bayanin yadda iyalinsa suka ƙare, ko ɗa ya tashi ko bai tashi ba. Wanda ya so yana iya zuwa mai gadi ya kai shi ya gani, ya kwana a ƙauye, ya ci abincinsu, wannan ma wata hanyar samu ce. An kuma buɗe wata cibiya a wani ƙauye na lardin Narathiwat inda ake kawo 'yan makaranta a koya musu sha'anin tsuntsayen da kurmin. Cikin 2006 aka ba Malama Pilai lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki, a Tailan kuma aka keɓe ran 13 ga Fabrairu ta zama ranar ƙaunar cilakowa.

ƘAYOYIN DA KE HANYA

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan sai barci. Cikin 1999 gwamnati ta mai da dutsen gandun ƙasa mai suna Budo-Sungai Padi, wanda ya ratsa lardunan Narathiwat da Yala da Patani. Iyakar da aka shata ta haɗa da gonakin roba da lambunan da mutane suka ce sun gada kaka da kakanni, har ya zama mai gona ba ya iya sare tsohuwar robarsa ya dasa sabuwa ba tare da ya taka doka ba. Wannan ya jawo jayayya ta shekaru tsakanin ƙauyuka da hukuma. Mai gadin sheƙa sai ya sami kansa a tsakiya, domin duk wanda ke aikin kare daji ana iya yi masa kallon ɗan koren hukuma.

Sa'an nan ga rikicin yankin. A da ƙasar masarautar Musulmi ce ta Patani, yarjejeniyar 1909 tsakanin Ingila da Siyam, watau tsohon sunan Tailan, ita ta tabbatar da ita a hannun Bankok. Dutsen Budo kansa ya daɗe yana zama maɓoyar 'yan a-ware. Cikin Janairu na 2004 aka kai hari wani barikin soja a Narathiwat, faɗa ya sake tashi, daga lokacin kuma an yi asarar rayuka fiye da 7,000. Baƙi suka ɗauke ƙafa, zuwan masu bincike daga Bankok ya yi wuya. Mutumin da aka gani a kurmi da madubin hangen nesa da littafi, soja na iya zarginsa, 'yan a-ware ma haka. Duk da wannan aikin bai tsaya ba, dalili kuwa shi ne masu yinsa 'yan gida ne. Da a hannun baƙi yake, da ranar da baƙi suka tafi ya mutu.

Masu saran katako ma ba su daina ba. Itacen da aka yi shekara goma ana gadinsa, zarton inji na kayar da shi kafin azahar, ko an bar shi tsaye kuwa, in aka sare na kewaye da shi tsuntsayen kan ƙaurace. Ga kuma sabuwar masifa da ta faɗa wa mai kwalkwali. Tozon sauran fanko ne ba nauyi, nata kuwa cushe yake, ana sassaƙa shi kamar hauren giwa, a ƙasar Sin ana sayensa da tsada. Mai neman wannan ba ruwansa da ɗa, kan uban yake so. An ƙiyasta cewa cikin 2013 kaɗai an kashe wajen 6,000 a lardin Kalimantan ta Yamma a Indonesiya. Cikin 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta a matakin da daga shi sai ƙarewa. Cikin 2018 kuma ta sa babbar cilakowa da mai ƙahon karkanda cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari.

MANOMAN KURMI

Me ya sa za a sha wannan wahala a kan tsuntsu? Amsar tana gindin itacen sheƙa, inda ƙananan tsire-tsire ke fitowa birjik. Cilakowa tana haɗiye ɗan itace ɗungum, ta narkar da naman, ta amayar da ƙwallon ko ta kasayar da shi lafiya lau, sau da yawa nesa da uwar itacen. Akwai itatuwan kurmi masu manyan ƙwallaye waɗanda ƙananan tsuntsaye ba sa iya haɗiyewa, in ba irin su cilakowa, 'ya'yansu a gindi za su zube su ruɓe, ko ɓeraye su cinye. Shi ya sa masana ke ce mata manomin kurmi. Kurmin nan kuwa shi ke riƙe ruwan ƙoramun da ke gangarowa gonakin shinkafa da lambunan duriyan, shi ke riƙe ƙasar dutsen kada ta zaftaro wa ƙauyuka da damina. Mai gadin sheƙa, ko ya sani ko bai sani ba, rijiyar garinsu yake gadi.

INDIYA TA ƊAUKA

A arewa maso gabashin Indiya, a jihar Arunachal Pradesh, akwai wata ƙabila da ake kira Nyishi, waɗanda hular mazajensu ta gargajiya da bakin babbar cilakowa ake ƙawata ta. A farkon shekarun 2000 aka fara raba musu bakin ƙira na faibagilas, da yawa suka karɓa. Cikin 2006 dagatan ƙauyukan da ke kewaye da gandun Pakke suka kafa ƙungiya mai suna Ghora-Aabhe, suka sa tara a kan farautar da aka hana. Amma sheƙunan da ke wajen gandun, a dajin Papum, ba su da mai tsaro.

Wata masaniya, Dakta Aparajita Datta, wadda ta daɗe tana binciken tsuntsayen a wurin, ita da abokan aikinta suka ɗauko dabarar Budo. Daga 2012 aka fara aikin riƙon sheƙa tare da ƙungiyar dagatan da ma'aikatar gandun daji. Mutanen birni su ba da kuɗi, 'yan Nyishi, waɗansunsu tsofaffin maharba, su yi gadi daga Maris har zuwa Agusta. Suna cewa kowane ɗan tsuntsu yana da iyaye kashi uku: na jini, da na ƙauye, da na birni. A can ma an yaye 'ya'ya da dama, a can ma babban abokin gaba shi ne mai zarto, domin dajin Papum ya sha sara ƙwarai.

Abin da wuraren biyu suka nuna ɗaya ne. Talaka ba ya ƙin dajin garinsu, amma ba zai yi gadinsa da yunwa ba, ba zai kuma yi wa wanda ya mai da shi ɓarawo a gonar kakansa gadi ba. Raunin tsarin shi ne kuɗin riƙo na shekara-shekara ne, in masu bayarwa suka gaji dole a sake neman wasu, alhali itace sau ɗaya ake sare shi.

Wannan magana ba ta tsaya a Asiya ba. A kurmin Kudancin Nijeriya, irin su Okomu a Jihar Edo da Omo a Jihar Ogun da dazuzzukan Kuros Riba, akwai manyan dangin cilakowa masu tozo a baki, su ma kulle suke yi a kogon manyan itatuwa, su ma zarto yana bin gidajensu. Fataken goro da ke shiga ƙauyukan kurmi ba mamaki sun sha jin ƙarar fiffikensu a sama. A Arewa kuma burtu, wanda ke yin ƙwai a kogon kuka da makamantanta, ya shiga jerin masu haɗari na IUCN cikin 2018, yara da yawa da ke tasowa sunansa kawai suke ji. Wanda ya san kukar da burtu ke ƙwai a cikinta shi ne maharbin nan mai ɗaura kansa a goshi. Ranar da hukuma ta tashi neman mai gadi, ƙofar gidansa ce ta kamata ta fara yi wa sallama.